Dubiyar Ciwon da Bai Iso Ba

Hashimu tela ne a layin teloli na Babbar Kasuwa, kakkauran mutum mai fara'a, wanda tun da aka yaye shi bai taɓa kwanciya a gadon asibiti ba. Ko zazzaɓin damina tsallake shi yake yi ya faɗa wa maƙwabta. Shekararsa talatin da huɗu a bazarar da soja suka ce za su miƙa mulki, kuma bai taɓa ganin aiki irin na wannan bazarar ba. Wanda ya ci zaɓe, da wanda ɗan'uwansa ya ci, da wanda ya taɓa gaisawa da wanda ya ci, kowa babbar riga yake so kafin ranar rantsuwa. Shadda ta cika shagon har rufi. Masu son ɗinkin tazarce ma ba su daina zuwa ba, sai dai yanzu ba mai kiranta da sunanta. Cewa suke yi, "Ka yi man irin waccan doguwar."

Yana da ƙane, Zubair, ɗan kabu-kabu, wanda yake zaune a ɗakin zauren gidansu na Ƙofar Guga. Wata shida kafin nan Zubair ya fara ramewa kamar ana zare shi. Ya sha ruwa, ya zaga, ya dawo ya sake sha. Da aka ce ciwon suga ne mutane dariya suka yi, don a saninsu ciwon manyan Alhazai ne masu tumbi, ba na siririn saurayi mai yini a kan babur ba. Aka ba shi ƙwayoyi, ba su yi komai ba. Sai da ya yanke jiki ya faɗi a bakin titi aka kwashe shi zuwa asibiti, inda wata likita mai suna Muhsina ta ɗora shi a kan allurar insulin, safe da yamma. Likitar tana wani bincike tare da abokan aikinta na ƙasar waje, ta roƙi a bar ta ta ɗibi jinin Zubair da na 'yan'uwansa a aika can a duba. Hashimu ya miƙa hannu, aka ɗiba, ya koma kan kekensa, ya manta.

Saura wata ɗaya rantsuwa aka aiko masa ya zo asibiti.

"Malam Hashimu," in ji likita bayan sun gaisa, "sakamako ya dawo. Ka san a jikin kowa akwai abin da muke kira sojojin jiki, masu yaƙar cuta in ta shigo. To, a wajen wasu mutane sojojin nan kan rikice. Akwai wata 'yar tsoka a bayan tumbi, ita ke yin insulin ɗin da ke daidaita suga a jini. Sai su ɗauke ta abokiyar gaba, su yi ta cin ta a hankali har ta daina aiki. Abin da ya sami Zubair ke nan. Ba shan zaƙi ya jawo masa ba."

"Allah sarki," in ji Hashimu. "Ashe sojan ko'ina halinsu ɗaya."

Ba ta yi dariya ba. Ta juyo masa takardar, ta ɗora biro a kan wasu layuka biyu.

"In sun fara wannan aikin suna barin alama a jini, tun kafin mutum ya ji komai. Mun nemi alamomi uku. 'Yan'uwanku mata ba su da ko ɗaya. Kai kana da biyu."

Hashimu ya duba takardar. Turanci ne da lambobi. Ya duba hannunsa, ya shafa tumbinsa.

"Wato ina da ciwon suga?"

"Ba ka da shi. Sugarka daidai take, na auna."

"To lahiya ta lau ke nan."

"Yau lafiyarka lau. Amma mai alama biyu, akwai yiwuwa mai ƙarfi ciwon ya same shi nan gaba."

"Yaushe?"

"Ba mu sani ba. Wataƙila shekara, wataƙila goma. Wani ma har ya tsufa bai zo ba."

Hashimu ya gyara zama. Shi mutum ne da ya shekara ashirin yana ce wa mutane su dawo jibi, ya san yadda ake wannan magana.

"Likita, ni ma tela ne. Ki hwaɗa man gaskiyar ranar, ba ranar da ake hwaɗa ma mutane ba."

A nan ta yi dariya, amma ranar dai ba ta da ita. Ta ce ya riƙa zuwa awo duk wata uku, in kuma ya ji ƙishirwa mai yawa ko ya ga yana ramewa, ya zo nan take. Ya tambaye ta ko akwai abin da zai daina ci. Ta ce babu abin da zai daina wanda zai hana. Ya tambaya ko akwai maganin da zai sha. Ta ce tukuna. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya fito cikin rana yana jin ƙarfi kamar doki, kuma bai san ko ya yi salati ko ya yi hamdala ba. Ya yi duka biyun.

Kuskurensa ɗaya, ya gaya wa matarsa Fatu kafin ya ci abinci. Ta ɗauke kwanon shinkafar daga gabansa, ta shiga maƙwabta neman shawara. Kafin la'asar labari ya zaga Ƙofar Guga cewa Turawa sun duba jinin Hashimu tela sun ga ciwo yana hanya.

Washegari da hantsi yana shirin tafiya kasuwa ya ji sallama. Malam Audu limamin unguwa ne da dattawa biyar. Fatu ta riga ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, har da matashi. Ba a karɓar masu dubiya a tsaye, don haka Hashimu ya zauna. Da ya ga sun yi shiru suna kallon matashin, ya ɗan kishingiɗa.

"Malam Hashimu, ya jiki?" in ji liman.

"Lahiya lau, Allah gafarta Malam."

Dattawan suka dubi juna. Ba haka ake amsawa ba.

"Da sauƙi za ka ce," wani tsoho mai suna Sammani ya raɗa masa.

"Da sauƙi," in ji Hashimu.

"To Allah shi ƙara sau..." Liman ya tsaya. Ya shafa gemu. "Ai ba a ƙara sauƙin abin da bai zo ba."

Nan muhawara ta tashi. Sammani ya ce a ce Allah ya sawwaƙe. Wani ya ce sawwaƙewa ma sai abu ya sauka. Wani ya kawo shawarar Allah ya kiyaye hanya, tun da an ce ciwon yana tafe, aka yi masa caa, aka ce yana so ciwon ya iso lafiya ke nan. Har rana ta take tsaka ba a daidaita ba. Daga ƙarshe liman ya yanke cewa a riƙa cewa, "Allah shi ɓatar da shi a hanya," mai jiki kuma ya amsa da, "Amin, har yanzu dai shiru." Aka shafa fatiha aka watse. Hashimu bai je kasuwa ba ranar.

Bai je washegari ba ma. Matan unguwa suka zo, 'yan layin teloli suka zo, dangin Fatu suka cika mota daga ƙauye suka zo da kaji da ƙwaryar nono. Kowa da maganinsa. Aka kawo shuwaka, aka kawo saiwar da sai an toshe hanci ake sha, aka kawo garin da ake barbaɗawa a ƙofar ɗaki don in ciwon ya zo ya kasa gane ɗakin. Wata gwaggonsa, Safara'u, ta zauna a gefensa ta yi kuka mai isarta, ta share hawaye, ta ce gara ta yi yanzu tun tana da ƙarfi, don ba ta san ko za ta kai lokacin ba.

Abin da ya fi ba Hashimu mamaki shi ne ya fara jin daɗin abin. Tun da yake ba a taɓa yi masa fifita ba. Ba a taɓa yanka kaza don shi kaɗai ba. Fatu ta hana shi suga da shinkafa, amma ta ninka masa nama, har wuyansa ya ƙara kauri. Masu dubiya su dube shi su girgiza kai. "Kumburi ya hwara," in ji su.

A kwana na biyar ya lallaɓa shago, ya tarar rabin shaddar ta tafi. Masu ita sun zo sun karɓe, wai kada ciwon ya iso kafin ranar rantsuwa ya bar su da riga babu hannu. Waɗanda suka bari kuwa sai su leƙo su ga yana taka keke, su ce, "Subhanallahi, da wannan jikin?" Maƙwabcinsa ya zo ya riƙe masa almakashi don kada ya wahala. Ya ɗinka wando ɗaya, aka rako shi gida.

A cikin masu jiran rigarsu akwai Alhaji Dabo, dillalin hatsi wanda ya ci kansila. Lokacin yaƙin neman zaɓe ya yi alkawarin zai share hawayen marasa lafiya, yanzu kuma yana neman wanda zai fara da shi, a ɗauki hoto. An kai shi wajen majinyata uku, ya ce duk sun yi muni da yawa, hoto da su zai sa a ce mulkin farar hula ya zo da wahala. Da ya ji labarin Hashimu ya zo da kansa, da sakatarensa riƙe da littafi.

"Wannan shi ne irin maras lahiyar da muke so," in ji Alhaji Dabo, yana dafa kafaɗarsa. "Dubi kumatu. Malam Hashimu, mi kake buƙata?"

Hashimu ya buɗe baki zai ce babu komai, sai idonsa ya faɗa ƙofar ɗakin zaure. Labulen a ɗage yake. Zubair yana tsugune gaban wata 'yar randa da ya binne rabinta cikin jiƙaƙƙen yashi. Ya zura hannu ya ciro kwalbar insulin, ya kara ta a kumatu don ya ji ko da sauran sanyi, ya ɗaga ta a haske yana dubawa. Sannan ya ɗage riga, ya tsuke fatar cikinsa da ba ta da abin tsukewa, ya soka allura. Bai ko yamutsa fuska ba. Kwana tara mutane suna bi ta gaban ɗakin nan suna shiga dubiya. Wasu ma shi suke tambaya, "Mai jikin yana ciki?" ya nuna masu hanya. Ciwonsa ya riga ya zo, ya zama tsohon labari.

Hashimu ya juyo ga Alhaji Dabo.

"Firji, ranka shi daɗe," ya ce.

Sakataren ya duba littafinsa. Ya ce firji yana ɓangaren tallafin 'yan kasuwa, ba na marasa lafiya ba, kuma ko an ba shi, da wace wutar? Ya ce Hashimu ya faɗi wani abin daban.

Hashimu ya yi tunani. Kekensa na ɗinki ya tsufa, yana tsinka zare. In ya sami sabo zai yi aiki ninki biyu, ya saya wa Zubair abin da yake buƙata da kansa.

"To, keke."

"Madalla," in ji Alhaji Dabo. "Rubuta keke."

Kwana uku bayan rantsuwa aka yi taro a filin unguwa, da rumfa da lasifika da maroƙi. Alhaji Dabo ya zo cikin rigar da Hashimu ya gama masa da gudu, aljihun hagu ya fi na dama tsawo. Aka yi jawabi a kan yadda talaka ya sha wuya a baya. Aka kira Hashimu, ya taso da ƙafarsa, aka yaye wani ƙyalle. Keken guragu ne, sabo fil, da leda a jikin tayoyinsa.

"Ranka shi daɗe, na ɗinki na ce."

"Zauna mana, mai hoto na jira."

Ya zauna. Aka ɗauka. Sai mai hoton ya ce a yi wani yana tsaye, don a samu na zaɓi. Ya miƙe, jama'a suka ɗauki kabbara. Maroƙi ya fizge lasifika ya shelanta cewa ko minti biyu bai yi a keken Alhaji ba ya tashi. Hotunan biyu aka manna a ofishin kansila, na zaune a hagu, na tsaye a dama.

Hashimu ya turo keken har gida, mutane suna yi masa barka. Ya tarar da Zubair a zaure yana wanke babur. Zubair ya dubi keken, ya dubi yayansa, ya fashe da dariyar da tun kafin ya kwanta ba a ji ya yi ba, har sai da ya zauna a ƙasa.

"Yaya, in tura ka ko ka tura ni?"

"Tashi ka nuna man inda ake saida ƙanƙara."

Akwai mai injin ƙanƙara a Ƙofar Kaura. Tun daga ranar, kullum bayan sallar asuba sai Hashimu ya tura keken can, a ɗora masa dutsen ƙanƙara a mazauni, ya lulluɓe da buhu ya turo gida. Sun sami kula irin ta ajiye ruwan sanyi, suna naɗe kwalaben a tawul don likita ta ce kada su taɓa ƙanƙarar kai tsaye. Ragowar Fatu ta riƙa sanyaya zoɓo. Mutanen hanya suka saba da ganin maras lafiya yana tura ƙanƙara a keken guragu. Wasu har gaishe da ƙanƙarar suke yi.

Ya ce wa Zubair ya koya masa allurar. Suka zauna da lemu, Zubair yana nuna masa yadda ake zuƙo maganin, a ɗan ƙwanƙwasa sirinji iska ta fita, a soka a tsaye.

"Hannunka na rawa, Yaya. Kai da allura ce sana'arka."

"Tawa ba ta shiga mutum."

"Ranar farko ce mai wuya. Ni sai da na yi kuka. Babu wanda ya gani."

 Hashimu ya sake soka wa lemun, sannan ya ɓare shi suka raba.

Dubiya ta ja baya da kanta. An ce kansila ya warkar da shi, waɗanda ba su yarda da haka ba kuma sun gaji da jira. Gwaggo Safara'u ta aiko a tambaya ko har yanzu, da aka ce har yanzu, ta ce ita dai ta fita hakkinsa. Hashimu ya koma shago, Fatu ta dawo da shinkafa. Duk wata uku yana zuwa awo, likita Muhsina ta ce lafiya lau, ya ce, "An ce sojojin suna ina yanzu?" ta ce, "Suna nan."

A shekara ta uku, cikin damina, ya lura ya shanye butar ruwan shago sau huɗu kafin azahar. Kwana biyu bayan haka ya auna ƙugunsa da tef ɗin aiki, ya ga inci biyu sun tafi. Ya rufe shago, ya je bakin kasuwa inda 'yan kabu-kabu ke tsayawa, ya sami Zubair.

"Kai ni asibiti."

Zubair ya dube shi sau ɗaya, ya tada babur.  Hashimu ya zaci in ranar ta zo zai ji tsoro, sai ya ji wani irin sakayau, kamar wanda ya daɗe a tasha motar ta iso. Tsoron sai daga baya ya zo, da yamma, lokacin da ya ɗage rigarsa da sirinji a hannu, ya ga cikinsa ba lemu ba ne. Zubair ya zauna kusa da shi yana ba shi labarin wani fasinja da ya hau babur da rago, har aka gama.

Ko kwana ɗaya bai yi a asibiti ba. Likita ta ce da kowa zai zo da wuri haka da ta huta. Ta ƙara masa da gargaɗi: allurar kan sa suga ta faɗi ƙasa in ya yi aiki bai ci ba, don haka kada ya fita ko'ina sai da ƙwayoyin suga a jikinsa, da katin da ke faɗin ciwonsa. Ya zuba su a aljihu, suka narke da gumi, kiyashi ya bi shi har masallaci. Sai ya zauna ya yi wa rigunansa wani aljihu daga ciki, daidai haƙarƙari, mai shafin leda da zif, wanda ko an tsaya gabanka ba a ganin alamarsa. Ya yi wa Zubair irinsa.

Wata rana wani ɗan majalisa ya zo gwajin riga, ya ga Hashimu ya zura hannu ta wuya ya ciro ƙwayar suga daga inda babu aljihu. Ya ce a nuna masa. Ya juya rigar, ya ja zif ɗin sama da ƙasa, ya zura hannunsa har wuyan hannu.

"Kana iya yin wanda ya fi wannan girma?"

"Kai ma kana da shi, ranka shi daɗe?"

"Da mi?"

"Ciwon."

"E to," in ji ɗan majalisa. "Ana dai jin alamu. Ka yi man guda biyu, hagu da dama."

Kafin zaɓe na gaba, rabin masu shiga ofis da babbar riga a Katsina sun bi ta shagon Hashimu, kowa da alamunsa. Ya ɗauki ma'aikata biyu, ya sayi zif buhu guda. Bai taɓa tambayar kowa sakamakon awonsa ba. Yakan dai tambayi faɗin da ake so, ya rubuta da alli a jikin shaddar.